Na ɓata shaddar kwastoma, kunya ta hana ni komawa shago

TAMBAYA: Salamu alaikum Kawu. Ni yaron tela ne a nan Kano, shekarata ɗaya da wata huɗu ina koyo. Ana saura kwana tara ƙaramar sallah aiki ya yi mana yawa, sai ogana ya miƙo min shadda Getzner yadi biyar ya ce in yanka, karon farko kenan da ya taɓa ba ni babban yadi. Na buɗe littafin awo na ɗauko awon wani daban da sunansu ɗaya da mai kayan, shi mai kayan ƙirjinsa inci 46 ni kuma na yanka a 40. Sai da aka zo haɗawa oga ya gani, bai zage ni ba bai ce uffan ba kawai ya dafe kai, wallahi da ma dukana ya yi. Tun ranar ban koma ba yau sati uku, waya ma na kashe. Abokaina na cewa in bar ɗinkin in nemi Keke Napep. Ya zan yi? Daga wani matashi, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Bari in fara da abin da ba za ka so ji ba, yankan da ka yi kuskure ne, amma kashe wayar nan kam da gangan ka yi, kuma ita ta fi damuna. Ka bar bawan Allah shi kaɗai ana jibi-jibin sallah ya fuskanci mai kaya, ga layin ɗinki ga kuma hannu ɗaya ya ragu a shago, ka san dai yadda shagon tela yake a goman ƙarshe, ana ɗinki har sahur.

Ba zan ce maka ƙaramar asara ba ce. Getzner daga Ostiriya ake kawo ta, duk wanda ya shiga Kantin Kwari ya tambayi kuɗinta ya san ba yadin wasa ba ne, kuma shadda ba ta yafiya, ko farke ɗinki ka yi sai sawun allura ya fito balle almakashi. Da yawa ka yanka da an rage, to inci shida da suka tafi ba mai dawo da su. Amma fa yadin bai mutu ba, riga mai ƙirji 40 akwai mai ita, wataƙila ma ɗan gidan mai kayan. In ruwa ya zube ya bar tulu ai da sauƙi.

Maganar biya kuma malamanmu sun daɗe da yin ta. A Risala, littafin fiƙihun nan da ake karantawa a zaurukanmu, an ce masu sana'a su ke lamunin kayan da aka bar musu, ko da lada suka yi aikin ko ba lada. Ma'ana mai shadda oganka ya sani, shi ya ba wa kaya, shi zai bi. Wannan ba yana nufin ka kakkaɓe riga ka ce ba ruwanka ba, mutunci shi ne ka je ka ce Oga a riƙa cire wani abu daga ɗan abin da ake ba ni har mu rage, ko ya karɓa ko ya ce ka bari, ka dai faɗa.

Sai abin da nake so ka zauna ka yi wa kanka. Kar ka ce "ni ban iya ba", wannan maganar ba ta gyara komai. Hannunka bai karkace ba, yankan ma da alama ya fita daidai tunda sai wajen haɗawa aka gane. A wajen littafi ka faɗi. To nan za ka toshe: kowane awo a sa lambar waya kusa da suna, a yanko ɗan ƙyalle daga yadin a maƙala a shafin, a rubuta sunan mai kaya da alli a bayan yadi tun ranar da ya kawo, kuma kafin almakashi ya taɓa yadi mai tsada ka karanta awon da ƙarfi oga ya ji. Telolin da ka ga suna yin haka har kana ganin kamar iyayi ne, yawancinsu sai da suka ɓata kayan wani suka koya. Ka tuna lokacin da kake koyo a takardar siminti, nawa ka yaga? Waccan dai ba mai zuwa karɓa ne kawai.

Su kuma abokanka masu Napep, ka tambaye su ranar da suka fara gogar motar mutane ina suka gudu.

Shirun oganka ni ban ɗauke shi kora ba. Mutumin da ya miƙa maka Getzner ana saura kwana tara sallah ya ga wani abu a hannunka. Kunna wayar yau. Gobe da sassafe kafin kwastomomi su fara zuwa ka sami babanka ko wani yayanka ya raka ka, ka durƙusa ka ba da haƙuri ba tare da kawo uzurin sunaye sun zo ɗaya ba, ya riga ya sani. In ya mayar da kai guga da saka maɓalli na wata biyu ka yi, kar ka kumbura fuska.