Amsa ga mai tambaya kan MgO: a ƙirga caji kafin a musanya lambobi

Assalamu alaikum. Ƙanena, ka tambaya dalilin da ya sa malaminku ya soke Mg₂O₂ da ka rubuta ya maye gurbinsa da MgO, alhali ka bi dabarar musanya lambobi, wato mayar da lambar cajin kowanne ta zama adadin ɗayan, yadda aka koya muku. Na daɗe ina koyar da shimi, wato kimiyyar sinadarai, a nan Maradi, kuma babu shekarar da ba na cin karo da wannan kuskure a takardun masu shirin BEPC, jarrabawar kammala matakin farko na sakandare.

Musanya lambobi yanke hanya ce kawai. Ayon shi ne atom ko rukunin atom mai ɗauke da caji, kuma ainihin ƙa'idar ita ce jimillar cajin ayon ɗin da suka haɗu ta tashi sifili, kuma a rubuta adadi mafi ƙanƙanta da zai cika wannan sharaɗi. Magneziyom yana ɗauke da +2, oksijen kuma −2, saboda haka ɗaya da ɗaya sun riga sun kashe juna, ba a bukatar ƙari.

Idan cajin bai zo daidai ba, kamar aluminiyom mai +3 da oksijen mai −2, nakan zuba gyaɗa da wake a kan tebur, gyaɗa kashi-kashi uku-uku a madadin cajin aluminiyom, wake biyu-biyu a madadin na oksijen, in ce ɗalibi ya yi ta ƙarawa har kowace gyaɗa ta sami wakenta. A kan 6 yake tsayawa, da kashi biyu na gyaɗa da kashi uku na wake, wato Al₂O₃. Wanda ya yi haka da hannunsa sau ɗaya, da wuya ya sake rikicewa.

Inda aka fi zubar da maki, a ganina, shi ne ayon mai atom da yawa, irin su OH⁻ da SO₄²⁻ da NH₄⁺. Kowannensu dunƙule ɗaya ne, ba a taɓa lambar cikinsa, kuma idan ana bukatar fiye da ɗaya dole a saka shi cikin baka. Don haka Ca(OH)₂ ake rubutawa, domin CaOH₂ yana nufin idrojen kaɗai aka ninka. Haka takin zamani (NH₄)₂SO₄ yake. Amma Na₂CO₃, wanda ake samu a cikin kanwa, ba ya bukatar baka, tunda karbonat ɗaya ne tak.

Akwai kuma tarkon da Faransanci ke ɗana mana. A suna, mai cajin ragi ake fara ambata, kamar chlorure de sodium, amma a rubutu mai cajin ƙari ne ke gaba, NaCl. Ɗaliban Katsina da ke karatu da Ingilishi ba su da wannan matsala. Game da baƙin ƙarfe (Fe) kuwa, wanda ke zuwa da +2 ko +3, ka dubi lambar Romawa da ke cikin sunan, domin II na ba da FeCl₂, III kuma FeCl₃.

Yanzu gwada kalsiyom mai +2 da PO₄³⁻, ka turo mini abin da ka samu tare da lissafin cajin.