Amsar ƙaninmu kan wasan Sailwind (murya ce aka rubuta wa masu matsalar rezo, wato netwok)

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan kowa ya wuni lafiya. Ƙanina, na ji tambayarka kan wasan jirgin ruwan nan, ko ana yaƙi a ciki, kuma ko yana hawa waya. To waya dai a'a, na kwamfuta ne, a Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, ake sayensa, sunansa Sailwind, 2021 ya fito kuma tun da ya fito ake ta ƙara masa abubuwa. Yaƙi kuma babu shi sam, ba bindiga ba 'yan fashin teku. Dako ne da fatauci zalla, kai kaɗai da jirginka da iska.

Yankuna uku ne na tsibirai da za ka iya farawa daga cikinsu, Al'Ankh da Emerald da Aestrin, kowanne da irin jirginsa da kuɗinsa. Ni shawarata ka fara da Al'Ankh, can ne ake ba ka ɗan ƙaramin jirgi irin na Larabawa mai ƙyalle ɗaya mai kusurwa uku, tsibiran ma ba su da nisa da juna sosai, babban birninsu Gold Rock City. Za ka shiga ofishin tasha ka karɓi aikin kai kaya, in ka kai kan lokaci a biya ka sunanka ya ƙaru, sai a fara ba ka manyan ayyuka. In ka tara jari kuma ka sari naka inda yake da araha ka kai inda yake tsada.

Amma wallahi abin da ya kama ni shi ne lodi, ka gane ko. Da hannunka za ka ɗauki akwati ko ganga ɗaya bayan ɗaya ka ajiye, kuma inda ka ajiye ɗin nan jirgin yana ji a jikinsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin ruwan Lagdo ya ga yadda mai kwale-kwale ke cewa kai matsa nan, buhun nan a mai da shi tsakiya, to shi ne daidai. Ka jibge nauyi gefe guda, iska ta buso, sai ka ga jirgin ya karkata ruwa na zubowa ta baki, ka saki komai ka ɗau guga kana ta kwarfa, in ka yi sanyin jiki ya nutse da kai.

Sannan ba inji fa. Igiya za ka ja ko ka sassauta har ƙyallen ya sha iska ya daina kaɗawa. In iskar daga gabanka take zuwa ba yadda za ka yi ka nufe ta kai tsaye, sai dai ka yi ta yankawa dama, ka juyo ka yanka hagu, a haka a haka har ka isa. Hadari ya taso kuma ka naɗe ƙyalle tun da wuri.

Taswira ma ba ta nuna maka ga ka nan. Kamfas ne, da rana in ta take tsaka, da daddare kuma akwai abin awon da kake saitawa kan tauraron arewa ya gaya maka iya arewa ko kudun da ka yi. Ga yunwa ga ƙishi ga barci, kana barcin ma jirgin na ta tafiya abinsa. Ruwan sha dai kar ka yi wasa da shi, ka sai ganga tun a tasha.

To gaskiya in kai mai gaggawa ne kar ka kashe sefarka, don za ka daɗe ba abin da kake gani sai ruwa. Ni kam wannan natsuwar ce ma nake so. Turancin Ingilishi ne a ciki ba Faransanci ba, amma ba shi da yawa, za ka iya. In kana Garwa ranar Asabar ka biyo gida bayan la'asar, in akwai wuta ka gwada a tawa kwamfutar kafin ka saya.