Ku Tambaya, Mu Amsa: Dabbar shekarar haihuwa ce ke yi wa mutum hali?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina karatun injiniya a birnin Wuhan na ƙasar Sin. Tun da na zo, duk wanda muka ɗan saba da shi sai ya tambaye ni mece ce dabbata. An haife ni ranar 20 ga Janairu, 2002. Na duba a intanet na ga 2002 shekarar Doki ce, kuma da na karanta halayen Doki wallahi kamar an leƙa zuciyata: son yawo, ƙin takura, saurin fushi da saurin hucewa. Sai ga wani abokin karatuna Basine ya ce ai ni Maciji ne. Wanne ne daidai? Kuma da gaske abin nan yana faɗin halin mutum?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah Ya ba da sa'ar karatu. Abokinka ne ke da gaskiya. Sinawa suna laƙaba wa kowace shekara sunan wata dabba, amma shekararsu ta gargajiya ba ta kamawa ranar 1 ga Janairu. Da wata suke lissafinta, suna daidaita shi da tafiyar rana, shi ya sa bikin bazara, wato sabuwar shekararsu, yake faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. A 2002 ranar 12 ga Fabrairu Doki ya shigo. Kai kuwa ka riga shi zuwa duniya da mako uku, don haka a lissafinsu kana cikin wutsiyar shekarar Maciji.

To, ka lura da abin da ya same ka, don rabin amsar tambayarka ta biyu tana nan. Ka karanta halayen dabbar da ba taka ba, ka ga kanka a ciki har kana rantsuwa. Da tun farko an ce maka kai Maciji ne, ka karanta cewa Maciji mai zurfin ciki ne, mai dogon nazari kafin ya yanke shawara, ba ya sakin jiki da kowa, ina tabbatar maka da nan ma za ka tuno ranakun da ka yi shiru da wata damuwa ba ka gaya wa kowa ba, ka ce lallai ni ne. Kowane ɗan Adam yana da ranar fara'a da ranar ƙunci. Idan aka miƙa masa jerin halaye, zuciyarsa tana tsince waɗanda suka dace ta manta da sauran.

Wani malamin nazarin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya gwada wannan a 1948. Ya ba ɗalibansa 39 tambayoyi su amsa, bayan ɗan lokaci ya raba wa kowa takarda, ya ce ga bayanin halinka kai kaɗai. Ya nemi kowa ya ba takardar maki daga sifiri zuwa 5 gwargwadon yadda ta dace da shi. Matsakaicin makin ya kai kusan 4.3. Sai daga baya ya sanar da su cewa takarda iri ɗaya ya ba kowa, kuma daga wani ɗan littafin duban taurari ya kwaso jimlolin. Irin maganganun nan ne: kana son mutane su so ka, wani lokaci kana shakkar shawarar da ka yanke, kana da baiwar da ba ka gama amfani da ita ba. Wa zai ce ba shi ba ne?

Sannan ka yi lissafi, tunda kai mai lissafi ne. A ƙasar Sin kaɗai an haifi jarirai sama da miliyan 16 a 2002. Yanzu a ce dukkansu masu son yawo ne da saurin fushi? Ka dubi ajinku kawai. Yawancinku shekara ɗaya ko biyu ce tsakaninku, amma akwai mai surutu, akwai miskili, akwai wanda ba ya cin nasa shi kaɗai, akwai marowaci. Mahatma Gandhi na Indiya, wanda aka haifa a 1869, Maciji ne. Mao Zedong, da aka haifa a 1893, shi ma Maciji ne. Ɗaya ya gina gwagwarmayarsa a kan ƙin ɗaukar makami, ɗayan da bindiga ya kafa mulki.

Ban faɗi wannan don in rena al'adar mutanen da kake zaune cikinsu ba. Ni abin yana burge ni ƙwarai ta fuskar tarihi. Dabbobin goma sha biyu ne a jere: Ɓera, Sa, Damisa, Zomo, Lung, Maciji, Doki, Akuya, Biri, Zakara, Kare da Alade. Lung ita kaɗai ce ba dabbar gaske ba, halitta ce ta almara mai dogon jiki kamar na maciji, da ƙaho da farata, wadda Sinawa ke ɗauka alamar sarauta da ruwan sama. Ana haɗa dabbobin da abubuwa biyar, itace, wuta, ƙasa, ƙarfe da ruwa, sai zagayen ya cika a shekara 60. Asalinsa hanyar ƙirga lokaci ce: shekaru, watanni, ranaku, har da sa'o'in yini.

Kuma ya daɗe. A 1975, a wani wuri mai suna Shuihudi cikin lardin Hubei, lardin da kake zaune yanzu, an tono kabarin wani ma'aikacin gwamnati da aka binne wajen shekara ta 217 kafin haihuwar Annabi Isa. A ciki an sami rubuce-rubuce a kan tsagin gora, har da jerin dabbobin nan. Abin mamaki, a can da ranaku aka haɗa su, kuma wajen neman ɓarawo ake amfani da su: in an yi sata a ranar Ɓera, to a nemi mai tsinin baki da ƙarancin gemu. Jerin ma bai yi daidai da na yau ba, don barewa ce a gurbin da Doki yake yanzu. Da tsarin ya bazu zuwa maƙwabta sai kowa ya gyara shi yadda ya dace da shi. A Biyetnam kyanwa ce a madadin Zomo, a Japan kuma aladen daji ne a madadin na gida. Yaron da aka haifa a 2023 Zomo ne a Beijing, Kyanwa ne a Hanoi. Halinsa zai sauya ne idan ya tsallaka iyaka?

Don a yi adalci, masu duba na Sinawa su ma za su ce maka shekara kaɗai ba ta isa ba. Suna haɗa shekara da wata da rana da sa'ar haihuwa, abin da suke kira ginshiƙai huɗu. Wannan ya ƙara wa lissafin sarƙaƙiya ne kawai, bai ƙara masa hujja ba. Gaibu kuwa sai Allah.

Game da masu tambayarka, sau da yawa shekarunka suke son sani cikin ladabi. Da ka ce Maciji, mutum ya lissafa, ya gane ko kai ne babba ko shi, ya san yadda zai kira ka. Ka amsa musu da fara'a, ka tambaye su tasu. Hira ce mai daɗi, kuma za ka koyi Sinanci a cikinta.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina aiki da wani kamfanin jigilar kaya a Guangzhou. Ina da ƙawa Basiniya da muka shaƙu sosai. An haife ta a 1996, shekarar Ɓera, saurayinta kuma a 1990, shekarar Doki. Mahaifiyarta ta ce auren ba zai yiwu ba, wai Ɓera da Doki ba sa zama inuwa ɗaya. Yarinyar nan kullum cikin kuka take. Me zan ce mata?

AMSA: 'Yar'uwa, wasiƙarki ta fi ta farko taɓa ni, domin a nan abin ya tashi daga hira ya shiga rayuwar mutane.

Ga inda maganar mahaifiyar ta samo asali. Idan aka jera dabbobin a da'ira, kowace tana da wadda ke fuskantarta, shekara shida tsakaninsu. Su ake cewa suna karo: Ɓera da Doki, Sa da Akuya, Damisa da Biri, Zomo da Zakara, Lung da Kare, Maciji da Alade. Ɓera yana gefen arewa, nasa ne tsakar dare, kuma an ba shi ruwa. Doki yana kudu, tasa ce tsakar rana, an ba shi wuta. Ruwa yana kashe wuta, shi ke nan sai aka ce auren ba zai yi albarka ba. Ba wanda ya bi gidajen ma'aurata ya ƙirga ya ga haka. Daga zanen da'ira hukuncin ya fito.

Ki gaya wa ƙawarki cewa ba baƙi ne suka fara tuhumar wannan lissafi ba. Wani masanin ƙasarsu, Wang Chong, wanda ya rayu a ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa, zamanin daular Han, ya kawo dabbobin a littafinsa Lunheng, sannan ya yi tambaya: in ruwa na rinjayar wuta, me ya hana ɓera ya kori doki? In ƙarfe, wanda aka ba zakara, na rinjayar itace, wanda aka ba zomo, me ya hana zakara ya tsattsagi zomo? Kusan shekara dubu biyu ke nan da wannan tambaya, kuma daidai kan dabbobin ƙawarki da saurayinta ta faɗo.

Abin da ke ci mini rai shi ne, a irin wannan camfi mata ne suka fi shan wahala. A Japan an daɗe ana cewa macen da aka haifa a shekarar Dokin Wuta, wadda ke zuwa sau ɗaya a shekara 60, za ta zama mai taurin kai har ta yi ajalin mijinta. Da 1966 ta zo, iyaye suka ji tsoron haifar 'yar da ba za ta sami miji ba. An haifi jarirai kusan miliyan 1.82 a 1965, adadin ya faɗo zuwa miliyan 1.36 a 1966, ya koma miliyan 1.94 a 1967. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya ragu, a ƙasar da ke ƙera motoci da jirgin ƙasa mai gudun tsiya. 'Yan matan da aka haifa a shekarar kuwa sun tashi da tambarin da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Shekarar 2026 ma Dokin Wuta ce. A ƙasar Sin kuma Akuya ce ke shan irin wannan: akwai tsohuwar magana da ke cewa cikin 'yan shekarar Akuya goma, tara ba sa cika da sa'a, kuma mata aka fi jifa da ita.

Amma kada ki zuga ta ta yi wa mahaifiyarta tsaye. Tsohuwar nan tsoro take ji, kuma son 'yarta ne ya kawo tsoron. Wataƙila ma akwai wani abin da ba ta so game da yaron, ta fake da dabbobi don sun fi sauƙin faɗa. Ƙawarki ta zauna da ita cikin natsuwa ta tambaye ta: ban da shekararsa, me kika gani? In akwai wani abu, gara a ji shi yanzu. In babu, to a ba uwar dama ta san shi. Ya riƙa zuwa gaisuwa, ta ga yadda yake riƙe da iyayensa, yadda yake yi idan ransa ya ɓaci, ko yana cika alkawari, ko yana da sana'ar da zai riƙe gida. A nemi wani babba a dangi da uwar ke jin nauyinsa ya sa baki. Kuma zai yi wuya a rasa wasu ma'aurata a danginsu ko unguwarsu da dabbobinsu ke karo amma sun tsufa tare lafiya. Misali ɗaya da uwar ta sani da idonta ya fi mata duk abin da na rubuta a nan.

Ke kuma naki shi ne ki saurare ta, ki rarrashe ta. Hukuncin auren nata ne da iyayenta.

TAMBAYA: Malam, na ji an ce bincike ya tabbatar yaran da aka haifa a shekarar Lung sun fi sauran ƙoƙari a makaranta. Wannan bai nuna akwai gaskiya a abin ba?

AMSA: Binciken akwai shi, ɗan'uwa, sai dai ba a ƙarasa maka labarin ba. Masana tattalin arziki biyu, Naci Mocan da Han Yu, sun duba bayanan ɗalibai a ƙasar Sin, suka ga 'yan shekarar Lung sun ɗan fi samun maki da shiga jami'a. Da suka bi sawun dalili sai suka tarar da iyaye. Uban da ya yarda ɗansa ɗan sa'a ne ya fi sa rai a kansa, ya fi kashe masa kuɗi, ya fi bibiyar malamansa. Da aka cire tasirin wannan kulawa daga lissafin, fifikon ya ɓace.

Rububin haihuwa a shekarar Lung ma ba tsohon abu ba ne. Masanin ƙidayar jama'a Daniel Goodkind ya nuna cewa sai a 1976 aka fara ganinsa a wurare irin su Taiwan da Singafo, lokacin da tsara iyali ya ba mutane damar zaɓen shekarar haihuwa. Kuma yana da tasa illar. Wani bincike a Singafo ya gano cewa Sinawan can 'yan shekarar Lung suna samun albashi ƙasa da na sauran, saboda sun yi yawa a aji, sun yi yawa wajen neman gurbin jami'a, sun kuma fito neman aiki lokaci guda. A 2024, shekarar Lung ta baya-bayan nan, haihuwa a ƙasar Sin ta ɗaga zuwa miliyan 9.54 daga miliyan 9.02 a 2023. Waɗannan yaran za su fara firamare tare wajen 2030, kuma kujerun ajin ba za su ƙaru don dabbarsu ba.