Danja na ƙyaftawa, mota ta buge ni: wa ke da laifi?

Tambaya: Ina sana'ar babur a Garwa. A wata mahaɗa fitilar danja tana ƙyafta ruwan ɗorawa, wata mota ta fito ta damana ta buge ni, na karye a ƙafa. Ni nake kan babban titi, mai motar kuma daga ƙaramar hanya ya fito. Ina so in kai shi kotu.

Amsa: Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Sai dai tun kafin ka kashe kuɗi, ka sani faɗin titi ba shi ne ke ba mutum damar wucewa ba. A dokar hanya ta ƙasashen CEMAC (ƙungiyar tattalin arziki ta ƙasashen tsakiyar Afirka) ta 2001, wadda Kamaru ke aiki da ita, idan danja ta mutu ko tana ƙyafta ruwan ɗorawa, allunan mahaɗar ake bi. In akwai allon STOP ko mai kusurwa uku da kansa ƙasa a gefen mai motar, to maganarka na da ƙarfi. In babu allo ko ɗaya, wanda ya fito ta damarka shi ke fara wucewa, ko da daga lungu ya ɓullo. In kuwa ɗan sanda na tsaye yana ba da hannu, hannunsa ya fi fitila da allo.

Ban ce shi mai motar ya wanke ba. Fitila mai ƙyaftawa kowa take cewa ya rage gudu, har da shi, kuma in ya shigo a guje bai kamata ya riƙa magana kamar ba ruwansa ba. Mai yiwuwa a raba laifin, amma wannan ya danganta da konsta ɗin 'yan sanda, wato rahotonsu na hatsarin, da zanen wurin, wanda ban gani ba.

Dokar inshora ta CIMA, wato dokar haɗin gwiwa ta wasu ƙasashen Afirka har da Kamaru, tana rage diyyar direba, ko na mota ko na babur, gwargwadon laifinsa, wani lokaci ta hana shi gaba ɗaya. Fasinjan da ka goyo, in akwai, nasa lissafin daban ne. Kuma kamfanin inshorar motar ake fara nema ya yi tayin diyya kafin a je gaban alƙali.

Shawarata, ka haɗa takardar likita da rasit-rasit na magani, ka nemi sulhu ta hannun kamfanin. Kada ka sa hannu a takardar yafewa kafin likita ya tantance yadda ƙafar ta warke. Ka kuma duba inshorar babur ɗinka, don in ta ƙare za a tayar maka da maganar.