Tambaya da Amsa: Kiɗan sabuwar shekara na Biyana ya bar min kukan gyare a kunne

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam Injiniya. Ni malamin sakandare ne a Kaduna. Shekara biyu ke nan da na kamu da son kiɗan nan na rawar Turawa, wals da polka, da makaɗan birnin Biyana na ƙasar Ostiriya ke yi ranar ɗaya ga Janairu. Na tara na shekaru da dama a wayata, da shi nake duba takardun ɗalibai da dare. Amma ina zargin waɗanda na samu gurɓatattu ne. Wani wuri kiɗan ya yi ƙasa har sai na kasa kunne, can kuma ya fashe kamar aradu. Akwai wanda da an fara shi sai tafi ya katse shi, a tsaya, a yi magana, a sake daga farko. Bugun wals ɗin ma kamar yana ɗingishi. Mai gyaran waya ya sa min wata manhaja ta ƙara sauti, yanzu ina jin komai, sai dai kwana tara ke nan kunnena na dama yana wiii kamar kukan gyare, musamman in na kwanta. Wani abokina ya ce kada in damu, kiɗan natsuwa ne, ba ya taɓa kunne. Ina zan samu masu kyau, kuma me zan ɗiga a kunnen?

AMSA: Wa'alaikumus salam Malam. Kafin ka ƙarasa karanta wannan amsa, ɗauki wayar ka goge manhajar nan. Kunnen kuma kada ka ɗiga masa komai. Zan dawo kan wannan, don shi ne ya hana ni ajiye wasiƙarka zuwa mako mai zuwa.

Abin da ke wayarka lafiyarsa ƙalau. Wanda ake katsewa da tafi shi ne wals ɗin kogin Danub na Johann Strauss ɗa, wanda aka fara kaɗawa a 1867. Al'adar wurin ce: masu goge su fara can ƙasa-ƙasa, ƙaho ya ɗaga murya, jama'ar zauren su gane abin da ke tafe su ɓarke da tafi, madugu ya dakatar, ya juyo, shi da makaɗan su yi wa duniya barka da sabuwar shekara da Jamusanci, sannan a koma farko. Bayan shi sai a rufe bikin da macin Radetzky, kiɗa irin na faretin soja, na Strauss uba, na 1848, wanda 'yan kallo ke tafa wa. Ɗingishin ma da gangan ne. Mutanen Biyana ba sa raba bugu ukun wals daidai wa daida. Na biyu yana riga lokacinsa zuwa da ɗan kaɗan, na uku ya ɗan yi nawa, kuma wannan rausayar ce ake gane su da ita. Ranar da ka ji wals yana tafiya cak-cak-cak kamar agogon bango, to ba su ba ne suka kaɗa.

Saura batun raɗa da tsawa, kuma nan ne mai gyaran waya ya cuce ka ba da niyya ba. Waƙoƙin da kunnenmu ya saba da su a rediyo da gidan biki an matse sautinsu tun daga situdiyo. Ni ma aikina ke nan shekara da shekaru: a ɗaga mai rauni, a danne mai ƙarfi, har allurar mita ta tsaya kusan wuri guda tana rawar ɗari, don wanda ke cikin adaidaita sahu ya ji kowace kalma. Kiɗan makaɗa tamanin a zauren Musikverein, inda ake yin bikin, ba a yi masa wannan matsi sosai, saboda tazarar da ke tsakanin raɗa da tsawa ita ce rabin daɗinsa. Ɗauki na 1992 wanda Carlos Kleiber ya jagoranta. A ciki akwai polkar da ake tsinkar tsirkiya da yatsa kawai, ba a ja mata baka, sautinta kamar ɗigon ruwa daga indararo. A ciki kuma akwai Feuerfest ta Josef Strauss, inda ake dukan uwar maƙera da guduma a tsakiyar makaɗa, da wata polkar da sunanta ma tsawa da walƙiya, babbar ganga da faya-fayan ƙarfe suna ta gwabzawa. Wanda ya saita ƙarar wayarsa a kan ɗigon ruwa, guduma za ta same shi ba shiri.

To, maganar abokinka. Wallahi na gaji da jin ta. Na ji ta a bakin masu digiri, na ji ta a bakin ma'aikatan gidan rediyo waɗanda ya kamata su fi kowa sani. Wai kiɗan gidan rawa ne ke kashe kunne, shi kuwa na Turawan da, mai goge da sarewa, magani ne ma. Malam, kunne bai san Strauss ba. Can cikin kunne akwai wani ɗan ƙashi mai siffar dodon koɗi, cikinsa ruwa ne da 'yan ƙwayoyi masu gashi-gashi, su ne ke mayar da girgizar sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Abin da suka sani biyu ne kacal: ƙarfin sautin da tsawon lokacin da ya ɗauka yana dukansu. Injin niƙa, janareto, lasifikar wa'azi, goge mai daɗin da ke sa mutum hawaye, in ƙarfinsu ɗaya ne ɓarnarsu ɗaya ce. Kuma waɗannan ƙwayoyi in sun mutu ba sa sake tsirowa a jikin ɗan Adam. Babu allura, babu ƙwaya, babu rubutun sha da ke dawo da su.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni mai sauƙin riƙewa. Babba zai iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) na awa 40 a mako ba tare da fargaba ba. In ya kai 90, awa 4 kacal a mako. In ya kai 100, abin bai kai rabin awa ba, a mako fa, ba a rana ba. Wayoyi da yawa in aka ƙure su da iyafis a kunne suna kaiwa wajen 100 ɗin nan ko su wuce, tun kafin a ɗora musu wata manhaja. Shi kuwa bikin Biyana da hutunsa ya haura awa biyu. Kai ka yi lissafin, tunda malami ne: dare nawa ka yi kana duba takardu da shi?

Ni a ganina ma irin wannan kiɗa ya fi yaudarar mutum. Waƙar da aka matse, in ta yi ƙarfi tun daga sakan na farko za ta dame ka, hannunka da kansa zai kai ga rage ta. Wals kuwa lallaɓowa yake. Ya fara da raɗa, ka ƙara. Maƙwabci ya tayar da janareto, ka ƙara. Fanka tana kaɗawa a kanka, ka ƙara. Kafin a kai ƙarshe inda duk makaɗan ke buɗe wuta lokaci guda, ka riga ka ƙure, kuma saboda daɗi ba za ka ji zafin ba. Daɗin ne ke rufe ƙofar gargaɗi. Kunne kuma yana da wata ɗabi'a: in ya jima cikin ƙara sai ya ɗan dushe, abin da ya ishe ka da ƙarfe tara ya zama bai ishe ka da sha ɗaya ba, ka sake ƙarawa. Wannan dushewar ba sabo ba ne kamar yadda mutane ke cewa, gajiya ce, kuma gajiyar da ake maimaitawa kullum ita ke zama kurumta.

Ita manhajar ƙara sauti ba wani sauti take ƙirƙirowa ba. Tura siginar take yi ta wuce iyakar da aka yi wa wayar, sai ƙololuwar sautin ta gutsure. Shi ya sa in ka lura, tun da aka sa maka ita, ƙaho da kuge suna fita da wani kaushi kamar ana yaga ƙyalle. Ka rasa kyan kiɗan, ka kuma ƙara wa kunnenka duka. Na taɓa tsayawa a rumfar wani mai gyaran waya ina jiran a canja min gilashi, na ga ya sa wa wani dattijo irin wannan manhaja, ya danna gargaɗin da wayar ta fito da shi ya wuce ko karantawa bai yi ba, ya miƙa masa yana cewa, "Baba, yanzu ko a kasuwa kake za ka ji." Dattijon ya saka iyafis, ya zabura, sannan ya yi murmushi ya biya. Na yi magana, yaron ya dube ni kamar na zo hana shi cin abinci. Gargaɗin nan da wayar ke nunawa in ka haura wani mataki ba ado ba ne, amma mun mayar da shi kamar tallan da ake tsallakewa.

Kuma ba daga littafi nake faɗa maka ba. A wani gidan rediyo da na yi aiki ina saurayi, hedfon ɗin ɗakin haɗa shiri ɓangare guda ne ke aiki, aka yi ta alkawarin sabo har na bar wurin. Shekara uku ina ƙure na hagu don in ji abin da biyu ya kamata su ji. Yau in jikata ta yi min magana ta wannan gefen sai na juyo mata da dama. A kiɗan Biyanan nan da kake so akwai wani ɗan ƙarfe mai kusurwa uku da ake ƙyanƙyasawa, siririn sauti can sama. Da kunnen hagu ban ƙara jin sa ba. Siraran sautuka ne ke fara tafiya, shi ya sa mutum ba ya farga da wuri: yana jin ana magana, kalmomin ne ke cakuɗe masa, musamman a taro.

Yanzu ɗige-ɗige. Na san kafin amsar nan ta fito an riga an kawo maka shawara goma: man zaitun mai ɗumi, ruwan albasa, ruwan wani ganye, ko kwalbar mai maganin tasha, wanda shi kansa da lasifika a ƙure yake tallan maganin kunne, abin dariya abin takaici. Matsalarka in daga ƙara ta zo, tana can ciki bayan fatar gangar kunne, inda ɗigo ba ya kaiwa. In kuma fatar ta huje ba ka sani ba, abin da ka ɗiga zai shiga inda bai kamata ba, har wasu magungunan kemis na ɗigawa suna iya ƙara lalata ji a irin wannan hali. Tsinken ashana da auduga ma ka bar su. Kukan da ya wuce kwana ɗaya ko biyu bayan ƙara ya cancanci likita, naka kuwa kwana tara ne kuma a kunne guda. Ni injiniyan sauti ne, ba likita ba, don haka ka je sashen kunne, hanci da maƙogwaro a babban asibiti cikin makon nan, ka nemi a leƙa kunnen a kuma yi maka gwajin ji. Ka gaya musu duk maganin da ka sha kwanan nan, don kwinin na zazzaɓi da asfirin mai yawa su ma suna sa kunne kuka. In ka wayi gari jin kunnen ya ragu farat ɗaya, ko jiri ya haɗu da shi, ranar za ka tafi, kada ka jira layin mako mai zuwa. Sau da yawa kukan yana lafawa in aka huta wa kunne, amma wannan hukuncin na wanda ya duba ka ne.

Kunne amana ne, Malam, kuma kai da shi kake cin abinci. Yaron da ke bayan aji mai ƙaramar murya, wanda sai ya tattaro duk ƙarfin halinsa kafin ya ɗaga hannu, yana da haƙƙin ka ji shi karo na farko.

In likita ya sallame ka, ga yadda ake jin wannan kiɗa. Nemo wuri mafi ƙarfi tukuna, misali ƙarshen macin Radetzky, ka saita ƙarar a inda za ka iya jin mai yi maka magana a gefenka, sannan ka koma farko kada ka sake taɓa maɓallin. A waya kada ka haura kashi 60 cikin ɗari. In raɗar ta ɓace, ɗakin ne ya yi hayaniya, sai ka jira a ɗauke janareto ko ka samu hedfon mai rufe kunne gaba ɗaya. Mafi alheri ma sifika biyu a ɗaki, ka zauna tsakiyarsu, za ka ji masu goge na farko a hagu kamar yadda suke zaune a dandalin. Ka guji waɗanda 'yan dawunlodin suka yi wa ƙarin bes, sun kashe su.

Wanne za ka nema? Ni Kleiber nake fara ba kowa, sau biyu kawai ya jagoranci bikin, 1989 da 1992, kuma ka nemi mai hoto don hannun mutumin kansa abin kallo ne. Na Herbert von Karajan na 1987 ya fi nauyi da taushi, tsoho ne a lokacin yana fama da jiki, a nan ne mawaƙiya Kathleen Battle ta rera waƙa. In kana son asalin ɗanɗanon garin, Willi Boskovsky, wanda ya riƙe bikin daga 1955 zuwa 1979 yana jagoranci da gogensa a hannu kamar yadda Strauss ya yi. Na 2021 da Riccardo Muti ka ajiye shi sai ka saba da sauran: saboda korona babu kowa a kujerun zauren, aka kaɗa Radetzky ba mai tafawa, kuma shi ne zai fi gwada maka ko ɗakinka shiru ne. Na kai tsaye kuwa yana farawa ƙarfe 11:15 na safe agogon Biyana, wanda a watan Janairu daidai yake da agogon Najeriya da Nijar.