An mayar da ni Kebbi da aiki, a wane gari zan ajiye iyalina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a wani kamfanin taki da irin shuka, shekarata tara a Gusau, yanzu an yi min canjin wurin aiki zuwa jihar Kebbi, farkon watan Mayu zan kama aiki, zan riƙa zagaya dilolinmu na Argungu da Birnin Kebbi da Jega. Oga ya ce in zauna duk inda na ga dama cikin garuruwan nan uku. Matata malamar firamare ce, tana da juna biyu wata shida, muna da yara uku, ta tsakiyar mai shekara shida sikila gare ta. Wani abokina ya ce in kama gida Argungu don haya ta fi sauƙi kuma can aikin ya fi yawa. Don Allah a ba ni shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah ƙanena, Allah Ya sa canjin nan ya zama alheri, Ya sauki maiɗakinka lafiya, Ya ba yarinya sauƙi. Na daɗe ina harkar sama wa ma'aikata gidan haya a Birnin Kebbi da kewaye, kafin nan ma na yi aikin ofis inda takardun canjin wurin aiki ke bi ta hannuna, don haka irin tambayarka ba baƙuwa ba ce a wurina. Kai tsaye zan faɗa maka, Birnin Kebbi za ka ajiye iyalinka, kai kuma ka riƙa zuwa Argungu da Jega kana dawowa. Ba don Argungu ba ta da daɗin zama ba, wallahi tana da shi, amma abu biyu da ka ambata cikin tambayarka su suka yanke hukuncin, ciwon yarinyar nan da kuma cikin da uwarta ke ɗauke da shi.

Ka ga mai sikila ciwonta ba ya sallama kafin ya zo, kuma sau da yawa cikin dare yake tashi. Na taɓa zama maƙwabcin wani bawan Allah da ya ajiye iyalinsa a wani ƙaramin gari saboda kusa da wurin aikinsa, wata rana wajen ƙarfe biyu na dare yaronsa ya fara kuka yana riƙe ƙafa, jiki zafi rau, idanu sun yi ɗorawa, muka fita da tocila muna bubbuga ƙofofin masu mota, wanda muka samu kuma babu mai a motar sai da aka zuƙo daga babur aka ƙara, muka isa asibitin garin aka duba aka ce jini za a ƙara masa kuma babu irin nasa, sai mu wuce gaba. Yaron ya rayu alhamdu lillahi, amma har yau ina tuna fuskar uwar a bayan mota tana tofa masa addu'a. Tun daga ranar duk wanda ya zo min neman gida, tambayata ta farko ita ce akwai mai ciwon da ke tashi ba shiri a gidanka? In ya ce e, to lissafin ya canza.

A Birnin Kebbi akwai asibitin gwamnatin tarayya da kowa ya fi sani da FMC, akwai asibitin tunawa da Sir Yahaya a cikin gari, ga kuma babban asibitin jiha da ke Kalgo nan kusa. In abu ya fi ƙarfin nan sai asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, tafiyar wajen kilomita 150. Argungu da Jega kowanne yana da babban asibitinsa kuma ma'aikatan suna ƙoƙari, amma abin da ya yi tsanani, ƙarin jini na gaggawa ko haihuwar da ta zo da gardama ko jaririn da ke buƙatar kwalba, galibi manyan asibitocin ake turowa. Tsakanin Argungu da Birnin Kebbi kusan kilomita 50 ne, da rana ba komai ba ne, kai mai lafiya ka hau mota ka je ka dawo kafin magariba, amma da dare da yarinya a kafaɗa wannan tafiyar doguwa ce ƙwarai. Gara kai ka sha hanyar kullum da a ce ita ta sha ta sau ɗaya cikin ciwo.

Sannan ka dubi yadda garuruwan suke, Birnin Kebbi ce a tsakiya, Argungu na gefen arewa maso gabas, Jega na gefen kudu maso gabas kuma ta ma fi Argungu kusa. In ka zauna Argungu, ranar da za ka Jega sai ka ratso ta Birnin Kebbi, ka ga kuɗin man da abokinka bai lissafa maka ba ke nan, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 duk wanda ke lissafin haya bai haɗa da kuɗin mota ba to rabin lissafi ya yi. Gaskiya ne haya ta fi sauƙi a Argungu, kuma gaskiya ne aikinka zai yi yawa can, gari ne na shinkafa, ga fadama ga kamfanin sarrafa shinkafa na WACOT da aka buɗe a 2017, manoman rani ba sa rabuwa da taki. Amma Birnin Kebbi ma ba baya ba ce a nan, a nan ne aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Anchor Borrowers a watan Nuwamba 2015, ga kamfanin sarrafa shinkafa na Labana, ga ma'aikatar gona da manyan ofisoshin bankuna duk a wuri ɗaya. Jega kuwa garin kasuwa ne, in sari kake so ko cefane mai arha can ne, kuma Aliero mai albasa na maƙwabtaka da ita, amma ni dai don zaman iyali irin naka ba zan sa ta gaba ba.

Wani abu da nake so ka riƙe da hannu biyu shi ne sauro. Kebbi ƙasar ruwa ce, gulbi da fadama da gonakin shinkafa, abin da ke kawo arzikin shi ke kawo sauron. Binciken ƙasa kan zazzaɓin cizon sauro na 2021 ya nuna cikin yara 'yan ƙasa da shekara biyar da aka gwada a Kebbi kashi 49 cikin 100 suna ɗauke da cutar, babu jihar da ta kai ta a Najeriya, shi ya sa ma da aka fara rigakafin maleriya a watan Disamba 2024 da Kebbi da Bayelsa aka fara. Ga mai sikila zazzaɓi shi ke yawan tayar da ciwon, don haka kada ka kama gidan da ke bakin fadama ko kusa da kududdufi komai kyansa, ka tabbata tagogi akwai raga, kowa ya kwana cikin gidan sauro, maganin kariya da likita ya ɗora ta a kai kada ya yanke. Jaririn da ke tafe kuma in ya kai wata biyar a kai shi a fara masa allurar rigakafin maleriyar. Zafi ma haka, watan Maris zuwa Mayu nan garin yana haura digiri 40, kai ɗan Gusau ne ka san zafi amma na nan yana da nauyi, yarinyar tana buƙatar shan ruwa sosai da ɗaki mai iska, don haka gidan da ba silin ko mai 'yan tagogi ƙanana ka bar shi ko da an rage maka kuɗi.

To a cikin Birnin Kebbin ma ai unguwa suka tara. Akwai GRA da Gesse da gidajen Adamu Aliero da shiyyar Gwadangaji, ma'aikata sun fi yawa a irin waɗannan, shiru da tsari amma haya da tsada. Akwai Badariya da Bayan Kara da Rafin Atiku da Tudun Wada da Nasarawa inda jama'a suka fi cakuɗa kuma kuɗin ya fi dama-dama. Akwai cikin tsohon gari wajen fadar Sarkin Gwandu inda kowa ya san kowa. Ba zan ce maka ga wadda za ka shiga ba sai ka taka da ƙafarka, amma ga yadda nake duba gida in na raka mutum. Ba na fara shiga falo, bayan gida nake zagayawa in dubi gindin katanga, in ruwa yana kwanciya da damina za ka ga wani layi a jikin bango kamar an ja da zare, ƙasan layin siminti ya yi laushi yana zubowa in ka sa farce, wani mai gidan sai ya shafa sabon fenti a kai, to fentin da ya tsaya iya gwiwa shi ma magana ce. Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar nan ta karya gadoji ta rushe gidaje, wanda ya gani ba ya wasa da maganar magudanar ruwa. Bayan nan sai in tsaya bakin layi in jira ɗan ga-ruwa ya turo kurarsa, in tambaye shi nawa jarka kuma daga ina yake ɗebowa, shi zai gaya maka gaskiyar ruwan unguwar fiye da dillali. In gidan akwai rijiyar burtsatse ka tambaya wa ke biyan gyaran injin in ya lalace, a rubuta. Wuta kuma kamfanin rarraba lantarki na Kaduna ne ke ba mu kamar yadda yake ba ku a Gusau, amma layi ya fi layi, ka tambayi mai shagon da ke sayar da ruwan sanyi, kuma ka nemi gida mai mitar kati don kada ka gaji bashin wanda ya tashi. Kuɗin haya kada ka miƙa wa dillali sai ka ga mai gidan ido da ido, a ba ka rasit da yarjejeniya a rubuce, sannan ka je ka gaida mai unguwa ka gabatar da kanka.

Maganar makaranta ba zan ja ta ba, Birnin Kebbi ta fi sauran yawan firamare masu zaman kansu da Islamiyyu, abin da nake so kawai makarantar ta kasance kusa da gida yadda yarinyar ba za ta riƙa shan rana kan kabu-kabu ba, kuma ka zauna da shugaban makarantar ka gaya masa lalurarta, a bar ta ta sha ruwa a aji, a ɗauke mata aikin wahala da duka. Ita kuma maiɗakinka in aikin gwamnatin Zamfara take yi, ku sani ba ya biyo ta Kebbi haka kawai, canjin aiki daga jiha zuwa jiha sai da takardu da amincewar ɓangarorin biyu kuma yana ɗaukar lokaci, kada ta ajiye wancan sai kun ga inda wannan ya dosa. Ka zauna da ita ku yi shawarar nan tare don Allah, ita ce za ta wuni cikin gidan da unguwar, kai fita za ka yi tun safe, macen da aka raba da mahaifiyarta da 'yan'uwanta ga jego ga baƙon wuri, kaɗaici kawai ya isa ya sa ta tsani gari.

Tsaro kuwa kai da ka fito Zamfara ba sai na koya maka ba. Cikin garuruwan nan uku mutane suna harkokinsu, matsalar ta fi yawa a ƙauyuka da wasu hanyoyi, kudancin jihar wajen masarautar Zuru da Yawuri sun sha fama, kowa na tuna ɗaliban da aka sace a kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021, sannan a arewa ga maganar 'yan bindigar Lakurawa da harin garin Mera na ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwamba 2024, kuma Augie maƙwabciyar Argungu ce. Tunda aikinka zai kai ka wurin manoma, ka riƙa tambayar dilolinka halin hanya kafin ka fita, ka dawo da sauran rana.

Ga yadda zan tsara maka in ni ne kai. Ka zo kai kaɗai a watan Mayu ka kama ɗaki ɗaya ko ka sauka wurin abokin aiki, ka bar ta ta ci gaba da awo inda ta saba, ta haihu a Gusau kusa da danginta wajen watan Yuli in Allah Ya so, ta yi arba'in ɗinta, yara su gama zangon karatu na uku su karɓi sakamako. Kai kuma cikin watan Agusta da ruwa ya kankama sai ka fita neman gida, ka je ka ga layin washegarin ruwan sama mai ƙarfi, in keke Napep na iya shiga har ƙofar gida to ya yi. Kafin ku taso ka karɓo takardar bayanin ciwon yarinyar daga likitan da ke ganinta, da rukunin jininta da magungunan da take sha, ka zo ka buɗe mata fayil a asibiti tun tana lafiya lau, in kuna kan inshorar lafiya a canza muku asibiti zuwa na nan. Farkon Satumba kafin a koma makaranta sai ka ɗauko su, ku taso da sassafe ta hanyar Sakkwato, ku isa da rana. Argungu kuma tana nan, ranar hutu ka kai yara su ga gidan tarihi na Kanta da bakin Matan Fada inda ake bikin kamun kifi, ku sayo kifi ku dawo gida kafin la'asar ta yi sanyi.