Sarin tsinkayen buɗe kwaɗo da yi musu mariƙi: ina ribar take?

Wani ɗan'uwa mazaunin birnin Hamburg na ƙasar Jamus, mai ɗan shagon yankan makulli da gyaran takalma, ya aiko da wannan tambaya: "Na lura akwai Turawa masu yawa da suka mai da buɗe kwaɗo ba tare da makulli ba abin sha'awa, har gasa suke yi. Na samu inda zan saro jakar tsinkayen buɗe kwaɗo daga ƙasar Sin, guda 24 a kowace jaka, a kan yuro 7. Tsinkayen sirara ne, suna cin yatsa. Ina so in zuba yuro 2,000 in sayo jaka 200, in yi musu mariƙi mai kyau da hannuna, in sayar da kowace a kan yuro 40 ta intanet. Me ka gani?"

Malam, kasuwar da ka hango tana nan, kuma ba sabuwa ba ce. Tun a shekarar 1851 wani Ba'amurke mai suna Alfred Charles Hobbs ya ja hankalin jama'a a babban baje kolin Landan, lokacin da ya buɗe kwaɗon kamfanin Bramah wanda aka daɗe ana alfahari cewa babu mai iya buɗe shi, bayan ya shafe kimanin sa'o'i 51 yana fama da shi. A zamaninmu kuwa, a garin da kake zaune aka kafa ƙungiyar SSDeV a 1997, wadda take shirya gasar buɗe kwaɗo a Jamus, sannan ga ƙungiyar TOOOL da ta fara daga Holan ta bazu har Amurka. Saboda haka masu saye suna kusa da kai. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kayan da ka zaɓa da kuma lissafin da ka ɗora a kansu.

Mu fara da lissafin, domin shi ne mafi sauƙin warwarewa. Jaka 200 a kan yuro 7 sun tashi yuro 1,400, kafin kuɗin dako da harajin kaya na kashi 19 cikin 100 da Jamus take karɓa, wanda tun daga 1 ga Yulin 2021 ba a ɗauke wa ko ƙaramin ƙunshi da ya shigo daga wajen Tarayyar Turai. Duk da haka jarinka zai iya ɗauka. Inda matsalar take shi ne lokacinka, wanda ba ka saka a lissafi ba ko kaɗan. A cikin guda 24, a ce 20 ne suke bukatar mariƙi, sauran ƙarafan murɗawa ne, wato waɗanda ake saƙalawa a ramin kwaɗo ana ɗan murɗa shi yayin da tsinke yake aiki. Idan hannunka ya faɗa sosai har kana gama kowane tsinke cikin minti 15, daga yanka zuwa manna gam zuwa goge gefe, jaka ɗaya za ta ci maka sa'o'i biyar. Mafi ƙarancin albashi a Jamus a 2025 yuro 12.82 ne a sa'a ɗaya, wato sa'o'i biyar ɗin nan sun haura yuro 64, alhali kana shirin sayar da jakar a kan 40. Jaka 200 kuma aikin sa'o'i 1,000 ne, waɗanda za ka cire daga shagon da yake ciyar da kai a yanzu. Kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

Ko da lissafin ya fita, da sauran magana a kan ƙarfen, kuma a nan nake so ka tsaya ka natsu. Mai wannan sha'awa ba ya ganin abin da ke cikin kwaɗo. Da yatsunsa yake ji. Irin kwaɗon da ya fi yawa a duniya, wanda Linus Yale ƙarami ya kyautata a shekarun 1860, yana da ƙananan fil-fil da sifirin yake dannawa, kuma duk gwanintar mai buɗewa tana cikin jin ɗan motsin da kowane fil yake yi, motsin da bai kai kaurin gashi ba. Wannan saƙo ta jikin tsinken yake bi ya isa yatsa. Idan ƙarfen mai laushi ne, yana lanƙwashewa ya ƙi komawa daidai, saƙon ya ɓace a hanya, kuma babu mariƙin da zai dawo da shi. Tsinkayen da suka yi suna, irin na Peterson da SouthOrd a Amurka, da Sparrows a Kanada, da Multipick a nan Jamus, ana yaba su ne saboda ƙarfensu yana lanƙwasa ya dawo, kuma bakinsu ya yi daidai da aikin da aka ƙera shi dominsa. Jakunkunan araha da ake cika su da guda 24 ko 30 kuwa, yawancin abin da ke cikinsu siffofi ne da gwani ba ya taɓawa. Ka tambayi duk wanda ya daɗe a harkar, zai gaya maka ƙugiya biyu ko uku, da mai haƙora ɗaya ko biyu, da ƙarafan murɗawa masu kauri daban-daban, su ne suke yi masa kusan dukkan aiki. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a nan maganar ta zauna daram, domin ado ne kake shirin yi wa araha.

Akwai kuma batun kauri, wanda ya shafi inda kake zaune kai tsaye. Tsinken da aka saba da shi a Amurka kaurinsa inci 0.025 ne, kimanin milimita 0.6, kuma yana shiga ramin makullin can ba wahala. Makullan ƙofa na Turai, irin waɗanda kake yanka wa 'ya'ya kullum a shagonka, ramukansu sun fi matsewa da karkacewa, shi ya sa masu sha'awa a nahiyar suke neman na milimita 0.5 ko 0.4. Kayan araha sau da yawa sun fi haka kauri. Ka ga ke nan za ka iya wahala ka ƙawata tsinken da ba zai ma shiga kwaɗon abokin cinikinka ba.

Shi kansa mariƙin yana da nasa ilimi, kuma a nan ne nake ganin kana da abin sayarwa na gaske. Hanya mafi arha ita ce robar da masu aikin lantarki suke zura wa waya su hura mata zafi ta tsuke, ko kuma tsoma gindin tsinken a narkakkiyar roba irin Plasti Dip. Waɗannan kowa yana iya yi a ɗakinsa cikin mintuna kaɗan, don haka babu wanda zai biya ka kuɗin kirki a kansu. Haka ma mariƙin da ake fitarwa da na'urar ɗab'i ta 3D, mai ƙera abu daga zanen kwamfuta, wanda zanensa ya cika intanet kyauta. Abin da ake biya shi ne mariƙin katako mai tauri, ko na tagulla, ko na irin allon da maƙeran wuƙa suke amfani da shi, a yanka shi falle biyu sirara, a manna su gefe da gefe da gam mai ƙarfi, a kafe da ƙananan ƙusoshi, a goge har ya zauna a hannu. Ƙa'idar ita ce tauri da siranta: mariƙi mai laushi ko mai kauri yana hutar da yatsa amma yana shanye motsin da ake nema. Na san zuciyarka za ta raya maka fata, tunda aikin takalma kake yi, kuma fatar jar akuyar Sakkwato ta daɗe da suna a Turai. Ni dai da jakar zan yi da ita, ba mariƙin ba. Jakar fata ɗinkin hannu mai aljihu shida ko takwas kaya ce da za ta bambanta ka da kowa, kuma ba ta da ruwa da ingancin ƙarfe.

Kada ka manta da goge bakin tsinken. Ko na kamfanonin kirki wani lokaci yana zuwa da kaushi a gefe, kuma bin sa da takardar yashi daga mai lamba 400 har zuwa 2,000 yana sa ya riƙa sulɓi a cikin kwaɗo. Aiki ne da masu saye suke lura da shi nan take.

Shawarata ita ce ka ajiye yuro 1,700 daga cikin jarin nan, ka fita da 300 kawai. Ka sayi tsinkaye marasa mariƙi guda 20 zuwa 30 daga kamfani ɗaya mai suna, siffa uku ko huɗu kacal, ka yi musu aiki, kana rubuta mintunan da kowanne ya ci. Ka ɗauke su ka je zaman masu wannan sha'awa a garinku, ka miƙa musu su gwada, ka saurari abin da za su kushe. Daga nan ne za ka san farashin da za su iya biya, ba daga ƙiyasina ko naka ba. Idan tsinke da kayan aiki da lokacinka da kason dandalin sayarwa sun tashi, a misali, yuro 20, kuma babu mai son biyan fiye da 22, ka samu amsarka da asara kaɗan. Akwai ma hanyar da ba ta cin jari: mutum ya kawo nasa tsinkayen da ya riga ya saba da su, kai kuma ka karɓi ladan yi musu mariƙi.

Sai batun doka, wanda ba a wasa da shi a wannan sana'a. Mallakar waɗannan kaya halal ne a dokar Jamus, amma da zarar ka fara aikawa waje lamarin ya canza. Japan ta kafa doka a 2003 da ta haramta riƙe su ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba. A Ingila, sashe na 25 na dokar sata ta 1968 yana hukunta wanda aka kama da kayan da ya tanada domin fasa gida, har ɗaurin shekara uku. A Amurka dokar gidan waya ta taƙaita waɗanda za a iya aika wa kayan buɗe makulli, kuma jihohi sun sha bamban a kan mallakarsu. Dandalin sayarwa ma suna da nasu sharuɗɗa. eBay ta daɗe da ƙa'idar hana tallar irin waɗannan kaya, don haka ka karanta sharaɗin duk dandalin da za ka hau kafin ka kashe ko sisi. Masu wannan sha'awa suna da ƙa'idoji biyu da suke riƙe da su, cewa ba a buɗe kwaɗon da ba naka ba sai da izinin mai shi, kuma ba a gwaji a kan kwaɗon da ake amfani da shi. Ka buga su a takarda ka saka a kowane ƙunshi, kuma ka tallata kayanka da sunan wasa da koyo, kada kalma ɗaya ta fito da za ta yi kama da gayyatar ɓarawo. Kai da mutanen unguwa suke ba ka makullan gidajensu ka yanka, amanar nan ta fi duk ribar da tsinke zai kawo.

A ƙarshe ka saka haƙƙin mai saye a cikin farashinka. A Tarayyar Turai wanda ya sayi kaya ta intanet yana da kwana 14 da zai iya mayar da su ba tare da ya faɗi dalili ba, kuma yana da lamunin shekara biyu idan sabon kaya ya zo da aibi, sannan a Jamus dole ne ka yi rajista a ƙarƙashin dokar kayan ƙunshi kafin ka fara aika kaya ga masu saye. Haƙƙin mayarwar nan na kwana 14 ba ya hawa kan abin da aka ƙera musamman bisa buƙatar mutum, kamar mariƙin da aka yi daidai da tsawon da ya zaɓa ko aka zana sunansa a jiki, kuma wannan wani dalili ne da zai sa ka fifita aikin oda a kan tara jakunkuna 200 a bayan shago.